MATACIN HASKE: YADDA ZA MU SA WA 'YAR TOCILA LAUNI

1. 'Yar tocilar makulli

Jama'a, darasinmu na yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ne wanda da yawa daga cikinmu mu ke da shi a aljihu. Watau 'yar tocilar nan da a ke ratayawa a zoben makulli. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ana samunta wajen 'yan koli da masu tireda a kasuwar Birnin Kudu, da ta Gwaram, da ta Sara. Kuɗinta kaɗan ne, amma aikinta da yawa. Da ita maigida ya ke buɗe kwaɗo in ya dawo da dare. Da ita uwargida ta ke duba jariri. Da ita ɗan aji ya ke bitar karatunsa bayan lisha.

Amma farin haskenta yana da aibu uku. Na ɗaya, yana kashe ido. In ka kunna ta cikin duhu sa'an nan ka kashe, sai ka daɗe ba ka ganin kome. Na biyu, yana tara ƙwari, musamman da damina. Na uku, yana ta da mai barci.

Akwai dabarar rage waɗannan aibobi, ba kuwa sai an kashe kuɗi ba. Dabarar ita ce a yi wa tocilar 'yar hula ta leda mai launi, ja ko rawaya ko kore. Wannan hula ita mu ke kira matacin haske. Yau za mu koyi yadda a ke yin ta, da inda ta ke da amfani, da kuma inda ta ke da haɗari.

Tun da fari ga magana ɗaya da mu ke so kowa ya riƙe. Mataci ba ya ƙara wa tocila kome. Rage mata haske ya ke yi. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin.

2. Farin haske ba launi ɗaya ba ne

Dukanmu mun san bakan gizo. Ya kan fito in ana yayyafi ga kuma rana. Ina launukansa su ka fito? Ba daga ruwa ba ne. Suna cikin hasken rana tun asali, ɗigon ruwa ne ya ke rarraba su.

A shekarar 1666 wani masani na ƙasar Ingila, mai suna Isaac Newton, ya gwada wannan a ɗakinsa. Ya rufe taga, ya bar 'yar kafa guda. Ya sa wani gilashi mai kusurwa uku a hanyar hasken da ke shigowa. Sai hasken ya rabu a jikin bango, ya zama launi-launi kamar bakan gizo. Ya lasafta launi bakwai: ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi, ruwan baba, da shunayya. Da ya sāke tara su wuri ɗaya, sai su ka koma fari.

Mu ma muna iya gwadawa, don gani ya kori ji. Da hantsi, a zuba ruwa a faranti mai zurfi. A jingina ɗan madubi a ciki, rabinsa cikin ruwa, yana fuskantar rana. A juya shi sannu-sannu har haskensa ya faɗa a farin bango da ke cikin inuwa, ko a farar takarda. Za ku ga launukan sun jeru. Kada dai kowa ya dubi rana, ko ta cikin madubin ne.

To, me ya sa abu ya ke zama ja ko kore? Ku tuna da zanen shanun nan na dā da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda masu binciken kayan tarihi irin su Bernard Fagg su ka rubuta labarinsu a shekarun 1950. Waɗansu da jan launi a ka zana su. In haske ya faɗa a kan jan zanen, sai ya shanye sauran launuka, ya maido ja kaɗai zuwa idonmu. Shi ya sa mu ke ganinsa ja. Haka ganyen dawa ya ke shanye ja da shuɗi, ya maido kore. Farar riga tana maido duka. Baƙar riga kuwa tana shanye kusan duka, don haka ta fi zafi a rana.

3. Yadda mataci ya ke aiki

Uwargida ta san wannan aiki sarai. In za ta yi koko, ta kan zuba ƙullu a mataci. Gasara ta wuce, dusa ta tsaya. Mataci bai ƙara mata ko ƙwayar gero ɗaya ba. Rabawa kawai ya yi.

Haka jar leda ta ke yi wa haske. Ta kan bar ja ya wuce, ta tare kore da shuɗi. Koriyar leda ta kan bar kore ya wuce, ta tare ja. Saboda haka hasken da ya fito bayan mataci kullum bai kai wanda ya shiga ba.

Wani zai ce, "Malam, ai ni na sa jar leda, sai na ga hasken ya mutu ƙwarai. Ko batir ne ya yi sanyi?" A'a, ba batir ba ne. Ga dalili. Tocilar yanzu ba ta da irin ƙwan dā mai zaren ƙarfe a ciki. Tana da ƙwan zamani da a ke kira LED. Ku kashe tocilarku ku leƙa cikin ƙwan. A yawancinsu za ku ga ɗan ɗigo rawaya. A ƙarƙashin ɗigon nan akwai wani ɗan abu mai ba da shuɗin haske. Shuɗin ya kan bugi rawayan shafen, su haɗu, idonmu ya ga fari. Masana uku haifaffun ƙasar Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su ne su ka gano yadda a ke yin shuɗin ƙwan nan mai haske, har a ka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014.

Tun da haka ne, irin wannan farin haske yana da shuɗi da yawa, ja kuwa kaɗan. In an tace shi da jar leda, abin da zai rage ɗan kaɗan ne. Wannan ba ɓaci ba ne. Don aikin da mu ke so, raunin hasken ma alheri ne.

4. Kayan aiki

Ga abin da za a tanada:

Leda mai launi wadda a ke ganin abu ta cikinta. Ledar da a ke naɗe alawa ko minti da ita tana yi. In tana da farin shafe irin na azurfa a baya, ba ta yi, don haske ba ya ratsa ta.

Ko guntun robar gorar lemo, irin koriyar nan.

Ko guntun fasasshiyar danjar babur ko ta mota. Ana tsintarsa a garejin makanikai. Wannan ya fi duka kyau wajen ja, don dama saboda wannan aiki a ka yi shi.

Ko farar leda mai kauri, a shafe ta da jan farce ko da jar maka, a bari ta bushe, a ƙara shafawa.

Sa'an nan ɗan kwali marar kauri, kamar na kwalin ashana ko na sabulu. Da almakashi ko reza. Da salatif, baƙi ya fi. Da zare. Da fensir.

Reza ba ta yara ba ce. Babba ya yi yankan, yaro ya riƙe zare.

5. Yadda a ke yi

Akwai hanya uku. Kowa ya ɗauki wadda ya ke da kayanta.

Hanya ta ɗaya, ta gaggawa. A yanko leda murabba'i, inci biyu kowane gefe. A miƙe ta da yatsa har tamojinta ya tafi. A rufa ta a bakin tocila, a lanƙwaso gefunan baya, a ɗaure da zare. Shi ke nan. Aibinta ɗaya, wuyar cirewa da sauri.

Hanya ta biyu, ta hular kwali. Ita mu ka fi so.

Na 1. A yanko kwali mai fāɗin inci ɗaya. Tsawonsa ya isa ya zagaye kan tocila sau biyu.

Na 2. A naɗa shi a kan tocilar, kada ya matse ƙwarai, kada kuma ya yi sako-sako. A manne shi da salatif. Yanzu ya zama kamar ɗan bututu. A gwada zare shi da mayarwa.

Na 3. A zare bututun. A ɗora leda a baki ɗaya, ninki biyu. A lanƙwaso gefenta a jikin kwalin, a naɗe da salatif.

Na 4. In guntun danja ne ko robar gora, a kafa bututun a kai, a zagaye shi da fensir, a yanke daidai zanen. Robar gora tana yankuwa da almakashi. Danja kuwa tana da tauri, sai a goga gefenta a kan dutse har ta yi daidai, kaifinta kuma ya mutu. Sa'an nan a manne ta a bakin bututun.

Na 5. A naɗe jikin kwalin duka da baƙin salatif, don kada farin haske ya tsiyaya ta gefe.

Na 6. A huda ƙaramar kafa a gindin hular, a zura zare mai tsawon taƙi ɗaya, a ɗaure ɗaya bakin a zoben makulli. In an cire hular sai ta yi reto, ba ta ɓata.

Hanya ta uku, ta murfin gora. A nemi jan murfin gorar roba, marar kauri. In bakin tocila ya shiga cikinsa, sai a cusa ɗan kwali ko tsumma a gefe don ya kama. Hasken murfi ba ya tafiya nesa, bazuwa ya ke yi a hankali. Ya dace da cikin ɗaki.

Kada a shafa jan farce a gilashin tocilar kanta. In an yi haka an rasa farin haske ke nan, ga shi kuwa akwai lokacin da ba abin da zai yi sai shi.

Kada kuma a sa leda a fitilar ƙwai, ko aci-balbal, ko ƙwan lantarki mai zafi. Za ta narke, ta kama wuta. 'Yar tocilar LED ce kaɗai mu ke magana a kai, don ita ba ta zafi sosai.

A yi wannan aiki da rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Gwaji huɗu

Ba kowace jar leda ce mataci mai kyau ba. Sai an gwada.

Gwaji na ɗaya. Da rana, a kara ledar a ido a dubi ɗanyen ganye. In ganyen ya koma baƙi-baƙi, ledar ta yi. In har yanzu ana ganin korensa, a ƙara ninki. Yawanci ninki biyu ko uku ya isa.

Gwaji na biyu. A rubuta kalma ɗaya da jan biro, wata da baƙi, a farar takarda. A shiga ɗaki mai duhu, a haska da jan mataci. Baƙin rubutu zai fito sarai. Jan rubutu kuwa zai dushe, ko ya ɓace. Me ya sa? Don takarda tana maido ja, tawadar ma tana maido ja, ido ba shi da abin da zai bambanta su da shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Gwaji na uku. A ɗora jar leda a kan koriya, a haska ta cikinsu. Kusan ba abin da zai fito. Ta fari ta tare kore, ta biyu ta tare ja.

Gwaji na huɗu. Mutum biyu su ɗauki tocila biyu, ɗaya da jan mataci, ɗaya da kore. Su haska wuri ɗaya a farin bango. Inda hasken biyu su ka haɗu zai yi rawaya-rawaya. Kun ga bambanci. Haske a kan haske ƙari ne. Mataci a kan mataci ragi ne.

7. Aikin ja

A can cikin idonmu akwai 'yan ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Iri ɗaya na rana ne, su ne su ke gane launi. Ɗaya irin na dare ne, su ne su ke gani cikin duhu, amma ba su san launi ba. Na dare ba su farkawa nan da nan. In mutum ya fito daga haske ya shiga duhu, sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin ganinsa na dare ya cika. Amma in farin haske ya bugi idonsa, nan take ganin ya ragu, sai ya sāke jira.

To, ƙwayoyin nan na dare ba su cika jin jan haske ba. Mutum yana iya duba abu da ɗan jan haske marar ƙarfi, ya kashe, ya ci gaba da ganin duhu kusan kamar dā. Saboda haka ne masu nazarin taurari da matuƙan jirgin ruwa su kan yi aiki da jar fitila da dare.

Ga waɗanda wannan zai amfana a wurinmu:

Mai gadin gona ko na shanu, wanda ya ke zaune wuri ɗaya. Yana so ya duba agogo ko ya ɗauki wani abu a jaka, ba tare da ya kashe idonsa ba.

Mai jego. Tana so ta ba da nono ko ta gyara wa jariri shimfiɗa, ba ta so ta ta da sauran yara.

Mai zuma. Wani masani na ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya daɗe yana nazarin ƙudan zuma, har ya sami lambar Nobel a 1973. Ya nuna ƙudan zuma suna gane launi, amma ja a wurinsu kamar duhu ne. In an haska amya da farar tocila, su kan taso su bi hasken har hannun mai riƙe da ita. Da jan haske ba su cika tasowa ba. Amma fa suna rarrafe, suna kuma harbi. Hayaƙi da rufe jiki suna nan a matsayinsu.

Mai keke da mai amalanke. Babbar hanyar mota ta ratsa Birnin Kudu, manyan motoci suna bin ta dare da rana. A ƙa'idar hanya, farin haske gaba ya ke, ja kuwa baya. In dare ya yi maka a hanya ba ka da danja, ɗaura 'yar tocila mai jan mataci a baya, tana duban inda ka fito. Da babu gara ba daɗi. Amma haskenta kaɗan ne, kada ka dogara da ita. Ka bi gefen hanya, ka sa fararen tufafi, ka kuma sayi danja ta gaskiya. Kada ka sa ja a gaba, don direba zai zaci tafiya ka ke yi, alhali zuwa ka ke.

8. Aikin rawaya, kore da shuɗi

Yawancin ƙwarin da ke tashi da dare sun fi ganin shuɗi da kore. Rawaya da ja ba su cika jan su ba. Mun kuwa ce farin hasken LED cike ya ke da shuɗi. Shi ya sa da ruwan fari ya sauka, in ka kunna tocila a tsakar gida, sai shinge da sauran ƙwari su rufe ka. Rawayan mataci yana tare shuɗin, ya bar haske mai yawa. Ɗan aji da ke karatu a waje da damina, wannan ne nasa. Ƙwari za su ragu, ko da ya ke ba za su ƙare ba.

Amma sauro ba haske ya ke bi ba. Numfashinmu da warin jikinmu da ɗuminsa ya ke bi. Ba launin da zai kore shi. Maganinsa gidan sauro.

Kore yana da haske a ido, ana kuma hango shi. Ya dace da alama. Maƙwabta biyu masu ban-ruwa a fadama suna iya shiryawa tun da rana, su ce, "In ka hango kore, ni ne."

Shuɗi ba shi da wani aiki da dare sai wasan yara. Yana tara ƙwari, karatu da shi kuma wahala. Wani zai ce, "Malam, na ji an ce akwai shuɗiyar tocila da ke sa kunama ta yi ƙyalli cikin duhu." Gaskiya ne kunama tana ƙyalli, amma ƙarƙashin wani haske na dabam, irin wanda a ke duba takardar kuɗi da shi. Ƙwan tocilar ne ya ke ba da shi. Shuɗiyar leda ba za ta kawo shi ba, don mataci ba ya ba da abin da babu.

9. Inda lalle a cire mataci

Wannan sashe ya fi duka muhimmanci. A karanta shi sau biyu.

Na ɗaya, tafiya a ƙasa. Ƙasarmu ta duwatsu ce da gonaki, daga Birnin Kudu har Fagam da Farin Dutse. Kububuwa da kāsā da kunama da dare su ke fitowa, launinsu kuma irin na ƙasa ne. Ko da farin haske sai an lura a ke ganinsu, balle da ɗan ja. In za ka taka ƙasa, a gona, ko a bayan gida, ko wajen ɗibar kara da itace, cire hular, ka haska gabanka da fari, ka sa takalmi. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a kai shi asibiti nan da nan.

Na biyu, duba marar lafiya. Ku tuna da jan rubutun da ya ɓace. Haka jini ya ke rikicewa a jan haske, ba a gane shi da kyau. Ƙuraje ma ba su fitowa. A rawayan haske kuwa ba a gane shawara, don idon mai lafiya da na mai shawara duk rawaya za su yi. Jan haske na ba da nono ne kawai. In jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko mai jego tana zubar da jini, a cire mataci a duba da fari. Launin idon jariri da na fatarsa kuwa, hasken rana ya fi nuna shi.

Na uku, ba da magani. Da yawa cikinmu da launi mu ke gane ƙwayar magani. A jan haske fara da ja da rawaya duk kusan ɗaya su ke. A duba da fari, a kuma karanta sunan da ke jikin kwalin. Ga amfanin karatu ke nan.

Na huɗu, ƙirga kuɗi. Takardun naira da launi su ka bambanta. A duba lambar da farin haske.

In mutum ba ya gani sosai da zarar magariba ta yi, alhali sauran mutane suna gani, wannan dundumi ne. Mataci ba ya maganinsa. Sau da yawa rashin sinadarin bitamin A ke kawo shi, wanda a ke samu a hanta, da manja, da karas, da ganyen zogale. A je asibiti a duba.

10. Gargaɗi biyu saboda yara

Akwai wata 'yar tocilar makulli mai fid da jan ɗigo guda ɗaya tak, mai tafiya nesa. Sunanta leza. Ba ita mu ke nufi ba, ba kuma ɗaya su ke da jan mataci ba. Haskenta yana iya lahanta ido. Kada a haska wa mutum ko dabba a fuska, kada a bar wa yara.

Na biyu, batir. Yawancin 'yan tocilan nan suna aiki da ɗan batir mai kama da maɓalli ko kwabo. Yana ƙyalli, yaro ya kan zaci alawa ce. In ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, har ya kai ga rasa rai. Saboda haka a naɗe murfin batir da salatif. Wanda ya mutu a kai shi inda yaro ba zai samu ba, don ko ya daina kunna tocila yana da sauran ƙarfin yin ɓarna.

In ana zaton yaro ya haɗiye, kada a jira sai gari ya waye. Kada a sa shi amai, kada a ba shi abinci. A nufi babban asibiti, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a gaya musu batir ne. In yaron ya wuce shekara ɗaya, yana kuma iya haɗiya, ana iya ba shi zuma cokalin shayi biyu kowane minti goma a kan hanya, har sau shida. Zuma tana rage ƙunar, amma ba ta fid da batir. Kada a tsaya neman zuma a ɓata lokaci. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma sam.

11. Abin tunawa

Farin haske taron launuka ne.
Mataci ragewa ya ke yi, ba ya ƙarawa.
Ja na wanda ke zaune ne, da mai jego, da mai zuma, da bayan keke.
Rawaya na mai karatu ne da damina.
Fari na tafiya ne, da duba marar lafiya, da magani, da kuɗi.
Hular kirki ita ce mai ciruwa da yatsa biyu.

Tambayoyi

1. Launi nawa Newton ya lasafta a cikin farin haske? A wace shekara ya yi gwajinsa?
2. Me ya sa ganye ya ke zama baƙi in an dube shi ta cikin jar leda?
3. Minti nawa ido ya ke yi kafin ya saba da duhu sosai?
4. Don me ba a shafa jan farce a gilashin tocila?
5. Faɗi wuri huɗu da lalle a cire mataci.
6. Me za a yi in yaro ya haɗiye batir?

Aikin gida

Kowa ya yi hula biyu, ja da rawaya, ya zo da su aji mako mai zuwa. Ya rubuta sunansa da jan biro, ya rubuta sunan garinsu da baƙi, ya haska da jan mataci, ya rubuta abin da ya gani a jimla biyu. Sa'an nan ya karanta wa mutanen gidansa sashe na 9 da na 10, maza da mata, don su ma su sani.